Tambayoyin da Sababbin Malaman Jami'a Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji daga matasan da aka ɗauka aikin koyarwa a jami'o'inmu, wasu a ofis, wasu a bakin masallaci bayan azahar, wasu a teburin mai shayi. Da na ga kusan iri ɗaya ce ke dawowa duk shekara, sai na tara su wuri guda na sa musu lamba. Tsarin jami'o'in Najeriya na bi wajen misalai.

1. Na fita da sakamako mafi daraja, sashenmu ya riƙe ni. Me kuma ya rage in koya?

Da sauran aiki. Sakamakonka shaida ce cewa ka iya koyo, amma koyo daban, koyarwa daban. Dubi yadda tsarinmu yake: wanda zai koyar da 'yan firamare sai ya yi shekara 3 a kwalejin ilimi, ya je gwajin koyarwa ana duba shi, ya samu NCE, ya kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Wanda zai koyar a jami'a kuwa, a miƙa masa takardar kama aiki ranar Litinin, ranar Laraba a nuna masa ɗakin lakca. Mafi yawanmu haka muka fara, muna kwaikwayon malaman da suka koyar da mu, har da munanan ɗabi'unsu.

Masu ƙoƙari suna da wani tarko nasu na daban. Wanda abu bai taɓa ba shi wahala ba, da wuya ya gane inda yake ba wani wahala. Sai ka ga ya tsallake mataki uku a kan allo yana cewa ai wannan a fili yake, alhali a nan ne rabin aji suka ɓata. Shawarata ta farko ita ce ka nemi malamin da tsofaffin ɗalibai suke yabo bayan sun gama, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa sau uku ko huɗu. Kada ka kula da abin da yake koyarwa. Ka kula da inda yake tsayawa, da lokacin da yake jefa tambaya, da yadda yake komawa baya idan ya ga idanu sun yi fari.

2. Waɗanne matakai ake bi har a kai farfesa?

Bakwai ne a yawancin jami'o'in Najeriya. Mai digiri na farko yakan shiga a matsayin mataimaki mai neman ƙwarewa, mai digiri na biyu a matsayin mataimakin lakcara. Daga nan sai lakcara mai daraja ta biyu, inda mai digirin digirgir yakan fara, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Galibi shekara 3 ake yi tsakanin mataki da mataki, kuma ba a kaiwa babban lakcara ba tare da digirin digirgir ba a mafi yawan fannoni. Matakai biyu na ƙarshe sai an aika rubuce-rubucenka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun auna su a asirce. Tun dokar 2012, masu muƙamin farfesa sai sun kai shekara 70 suke ritaya.

'Yan uwanmu na Nijar, a Yamai da Damagaram da Maraɗi, nasu ƙarin girman yana bi ta hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke auna malaman ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci. Abin da ya haɗa mu da su shi ne rubuce-rubuce sun fi koyarwa nauyi a ma'aunin, kuma wannan yana da illarsa. Duba amsa ta 14.

3. Yaya ake shirya kwas daga farko?

Fara da lissafin lokaci. Zango yana da kimanin mako 15 na karatu, don haka kwas mai nauyin 2, wato awa 2 a mako, awa 30 ne a takarda. Cire makon rajista da ɗalibai ba su gama dawowa ba, da ranar gwaji, da hutun da zai faɗo a tsakiya, za ka ga abin da ya rage bai kai haka ba. Wanda ya shirya darasin awa 30 cif, ƙarshensa gudu.

Sannan ka tambayi kanka: idan aka gama kwas ɗin nan, me ɗalibi zai iya yi da hannunsa ko da kansa wanda bai iya ba a da? Rubuta abu biyar ko shida. Daga cikinsu za ka ciro darussa, daga cikinsu kuma za ka ciro tambayoyin jarrabawa, kamar yadda na yi bayani a amsa ta 10. Manhajar karatu ta CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30, kuma ta jera abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarƙashin kowane kwas. Ka karanta naka kafin ka karɓi tsohon littafin rubutun wanda ka gada.

A ranar farko ka raba wa ɗalibai takarda ɗaya: batutuwan kowane mako, littattafan da za su samu a laburare, ranar gwaji, yadda za a raba maki, da lokacin da ake samunka a ofis. Rabin rigimar ƙarshen zango wannan takarda ce take kashe ta.

4. Laifi ne in yi wa ɗalibai shifta, ko in ba su handawut?

Shifta ta awa biyu ɓarnar lokaci ce. Lokacin da littafi ɗaya ne a laburare kuma babu injin hoto, tana da dalili. Yau da kowane aji yake da zaurensa na WhatsApp, tura musu bayanin kafin ranar, ka yi amfani da lokacin aji wajen abin da takarda ba za ta iya yi ba, wato misali, da muhawara, da warware matsala a gabansu.

Sayar da handawut kuwa jami'o'i da yawa sun haramta shi, kuma sun yi daidai. Da zarar wakilin aji ya fara rubuta sunayen waɗanda suka saya, ciniki ya koma karɓar kuɗin fansa, ko da kai ba ka taɓa duba sunayen ba. Idan ka wallafa littafi na gaskiya, kai shi kantin jami'a, ka ajiye kwafi a laburare, kada ka taɓa tambayar wa ya saya.

5. An ba ni aji mai ɗalibai sun fi 500. Ta ina zan fara?

Ƙa'idar NUC ita ce malami 1 ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, 1 ga 20 a kimiyya, 1 ga 15 a injiniyanci, 1 ga 10 a likitanci. Duk wanda ya taɓa shiga kwas ɗin da ya wajaba kan kowa a aji ɗaya ya san nisan da ke tsakanin wannan ƙa'ida da abin da ke ƙasa: wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa.

Fara da murya. Je ka ɗakin kafin ranar, ka sa wani ya tsaya a layin ƙarshe ka yi magana ka ji ko yana ji. Idan babu lasifika, 'yar ƙarama mai caji da ake ratayawa ta fi maka maganin maƙogwaro arha. Rubuta da manyan baƙaƙe. Kada ka yi magana kana fuskantar allo. Kuma duk darasin da ka ɗora kan majigi, ka zo da shirin yin sa da alli ko maka, domin wuta ba ta neman izininka kafin ta tafi.

Akwai dabarar da Eric Mazur, malamin fiziya a Jami'ar Harvard, ya fito da ita a farkon shekarun 1990, bayan ya gano ɗalibansa suna iya warware tambayoyin lissafin fiziya amma ba su fahimci tushen abin ba. Bayan bayani na 'yan mintoci sai ka jefa tambaya mai zaɓi huɗu, kowa ya nuna amsarsa da yatsu. Idan kan aji ya rabu, ka ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi cikin minti biyu, sannan a sake ɗaga yatsu. Ɗakin zai kaure kamar kasuwar Kurmi, kada ka tsorata. Wanda ya gane abu yanzun nan ya fi ka sanin inda ɗan uwansa ya maƙale. Dabarar ba ta cin ko sisi, kuma tana aiki har a babban aji.

6. Idan na ce "akwai mai tambaya?" sai a yi tsit. Sun gane ne?

Ba su gane ba, kunya ce da tsoro. Yaranmu sun taso a gidajen da ba a ja-in-ja da babba, kuma wanda ya taɓa yin tambaya aka yi masa dariya saboda Turancinsa ba zai sake ba. Ɗalibai mata abin ya fi yi musu nauyi, musamman a ajin da maza suka rinjaya.

Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai sukan jira kimanin daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu magana suka ƙaru. Ka gwada ƙirga biyar a zuciyarka. Sannan ka canza tambayar: maimakon "kun gane?", wadda amsarta kullum "e" ce, ka ce wani ya maimaita abin da kalmominsa, ko ya kawo misali daga garinsu. Malaman zaure sun riga mu sanin wannan, shi ya sa ba sa ƙara wa almajiri karatu sai ya biya na jiya.

Abu na ƙarshe, tambayar farko da aka yi maka a zango ita ce za ta yanke hukuncin sauran. Idan ka gwasale mai ita, ka rufe bakin aji har jarrabawa.

7. Ya halatta in sa Hausa a cikin lakca?

Harshen koyarwa a hukumance Turanci ne, da shi za a rubuta jarrabawa, kuma a jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya ko ta Maiduguri akwai ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan da ma waje. Malamin da ya juya lakca ta koma Hausa ya zalunci wanda ba ya ji. Amma jimla ɗaya da za ta buɗe ƙulli, ka kuma maimaita ta da Turanci nan take, ban ga aibinta ba. A ofis kuwa, idan ɗalibi ya zo shi kaɗai ya kasa gane abu, yi masa da harshen da zai gane, sannan ka sa ya mayar maka da shi a Turanci.

Abin da ya fi sauya harshe amfani shi ne sauya misali. Littafin da aka rubuta a Ingila zai ba ka misali da abin da ɗalibinka bai taɓa gani ba. Farashin masara a kasuwar Dawanau lokacin kaka da lokacin bazara ya ishe ka koyar da dokar buƙata da wadata.

8. Ɗalibi ya yi mini tambayar da ban san amsarta ba. In yi yaya?

Ka ce ba ka sani ba, za ka bincika, kuma mako mai zuwa ka fara da ita. An ruwaito cewa Imamu Malik an jero masa tambayoyi ya amsa mafi yawansu da "ban sani ba", kuma hakan bai rage masa komai ba. Yau kowane ɗalibi yana da waya a aljihu. Kafin ka gama kame-kame ya riga ya duba, kuma daga ranar zai fara shakkar har abin da ka faɗa daidai.

9. Ni mace ce, kuma wasu ɗaliban sun girme ni. In tsare gida ne don kada a raina ni?

Malama, abin da ke jawo raini ba fara'a ba ce, rashin tsayawa kan magana ɗaya ne. Idan kin ce ana rufe ƙofa bayan minti goma, ki rufe ta ga kowa, kuma ke ma kada ki makara. Idan kin ce ranar Alhamis za a miƙa aiki, kada ki karɓi na wani ranar Litinin don ya iya marairaicewa. Ɗalibai suna gwada sabon malami a makonni biyun farko, mace ko namiji, sai dai mace an fi gwada ta. Wanda ya yi rashin kunya, kada ki biye masa a gaban aji inda yake da 'yan kallo. Ki ce ya same ki a ofis, ki kuma sa wani abokin aiki ya zauna.

Dattawan da ke aji, musamman a karatun yamma da na digiri na biyu, ki ba su girmansu a wajen kira, Alhaji ko Hajiya ko Malam, ki kuma auna takardarsu da ma'aunin kowa. Yawancinsu sun fi yara sauƙin sha'ani idan sun ga kin san abin da kike yi.

Ga maza kuma: malamin da ke shiga aji yana alfahari cewa ba a cin A a kwas ɗinsa, shaida yake bayarwa a kan kansa.

10. Yaya ake tsara tambayoyin jarrabawa masu kyau?

Koma ga jerin nan na amsa ta 3. Kowace tambaya ta auna ɗaya daga cikinsu. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka jera matakan sani daga tuna abu, zuwa fahimtarsa, da aiki da shi, har zuwa yanke hukunci a kansa. Yawancin takardunmu a matakin farko suke tsayawa: kawo ma'ana, lissafo, ambaci. Wannan hadda yake aunawa, kuma shi ne ke sa satar amsa ta yi riba, domin 'yar takarda a cikin safa ta isa. Ba wa ɗalibi wani yanayi da bai taɓa gani ba ka ce ya yi aiki da abin da ya koya, ka ga ko 'yar takardar za ta cece shi.

Rubuta jadawalin maki a ranar da ka rubuta tambayar. Sau da yawa a nan ne za ka gane tambayar tana da fuska biyu. Ka amsa takardar da kanka kana duba agogo. Idan ta ci maka minti 40, ɗalibi zai buƙaci awa 2. Kada kuma ka maimaita tambayoyin bara, suna nan a shagon hoton takardu na bakin ƙofa an ɗaure su da amsoshinsu.

Makin aikin zango, 30 ko 40 cikin 100 gwargwadon jami'a, an yi shi ne don ɗalibi ya san matsayinsa tun da sauran lokaci. Gwajin da aka yi ana saura kwana uku jarrabawa, ba a kuma mayar da takardun ba, sunan gwaji kawai ya ci.

11. Takardu ɗaruruwa, kwanaki kaɗan. Yaya zan yi makin da adalci?

Ka bi tambaya ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu, hannunka zai fi daidaita. Ka fara da guda goma, ka ajiye, bayan ka yi nisa ka dawo ka duba ko ma'auninka ya sauya. Kada ka yi maki cikin fushi ko bayan sha biyun dare. Ƙirga takardu a ɗakin jarrabawa ka gwada da rajistar sa hannu kafin ka fita. Na taɓa ganin yaron da ya ƙara shekara guda cur saboda takardarsa ta maƙale a cikin ta wani kwas, sai bayan an gama komai aka gan ta. Tun daga nan nake tara maki sau biyu, kuma ba na ba wa ɗalibi, ko na digiri na biyu ne, ya shigar mini da sakamako.

12. Ana yawan zuwa roƙon in "taimaka" da maki. Wani ma ɗan uwa ne ya aiko. Yaya zan yi?

Wannan ita ce jarrabawarka kai, kuma ba ta zuwa da fuskar cin hanci. Takan zo ne da sallama: kawunka ya kira ya ce yaron maƙwabcinsa ne, abokin aiki ya leƙo ya ce "Malam, akwai wata 'yar ƙanwata a ajinka", ko ɗalibin da kansa ya durƙusa ya ce wannan kwas kaɗai ya hana shi fita, mahaifinsa kuma ya rasu. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Zuciyarka za ta karye, kuma ba laifi ba ne ta karye.

Amma ka tuna maki shaida ce kake bayarwa. Kana gaya wa mutanen da ba su san ka ba cewa wannan ya iya. Idan ɗalibin haɗa magunguna ne ko injiniyan gini, wata rana wani zai sha abin da ya haɗa ko ya kwana a ƙarƙashin abin da ya gina. Sannan akwai yarinyar da ta samu 38 ba ta da kowa a jami'a, ta tafi gida ta yi kuka ta dawo ta sake. Duk makin da ka ƙara wa mai hanya, ita ka zalunta. Kuma labari ba ya ɓuya: ka yi wa ɗaya, kafin zango ya ƙare an san ƙofarka tana buɗuwa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Abin da ke sauƙaƙa ƙin shi ne ka rufe hanyar tun kafin a zo. Miƙa sakamako ga jami'in jarrabawa da wuri, sai amsarka ta zama "ya bar hannuna". Idan za a ɗaga masu 39, a yi shi a taron sashe, ga kowa, a rubuce. Wanda yake ganin an cuce shi, nuna masa hanyar neman a sake duba takarda. Ga kawu kuma, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce a turo yaron tun farkon zango ka zauna da shi. Wannan taimakon kana da ikon yin sa, kuma za ka yi mamakin ƙarancin waɗanda za su zo.

13. Mene ne iyaka tsakanina da ɗalibai, musamman mata?

Ƙofar ofis a buɗe, ganawa a lokacin aiki, saƙo ta zauren aji ko ta wakili. Kada ka kira ɗaliba da dare, kada ka ce ta kawo aiki gida ko masauki. Kotu a ƙasar nan ta taɓa ɗaure farfesa kan neman ɗaliba da maki, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce ta gurfanar da shi a 2018. Ko da niyyarka aure ce, muddin makinta yana hannunka ba ta da 'yancin ce maka a'a, don haka ka jira, ko ka sanar da shugaban sashe a sauya mata malami.

Kyauta ma haka. Buhun shinkafa daga ɗalibin da kake duba kundinsa bashi ne, kuma amsa ta 12 ta faɗi yadda ake biyan irinsa.

14. Koyarwa ko bincike, wanne zan fi ba ƙarfi?

Gaskiya mai ɗaci ita ce da maƙalu ake ƙarin girma. Malamin da ya ƙare ƙarfinsa a aji bai rubuta komai ba zai ga ɗalibansa sun wuce shi. Don haka ka ware rana ɗaya a mako, ko awa biyu bayan asuba, ka tsare ta kamar lokacin lakca. Ka gama digirin digirgir da wuri. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatu da halartar taruka da ƙananan bincike. Idan jami'arka ta gwamnati ce, akwai ofishinsa a cikinta, je ka tambayi ƙa'idojin.

Ka yi hattara da mujallun da ke turo saƙo suna alkawarin buga maka cikin mako guda idan ka biya. Mujallar gaskiya sai ta kai aikinka ga masana sun tsefe shi, abin kan ɗauki watanni. Ka duba ko tana cikin rumbunan mujallu irin su Scopus ko AJOL, ka kuma tambayi manya a fanninka. Haka nan al'adar "sa sunana in sa naka": masu aunawa na waje da na ambata a amsa ta 2 suna gane ta, domin ba a zama gwani a fanni biyar lokaci guda.

Ban yarda cewa koyarwa da bincike kishiyoyi ne ba. Malamin da ya daina karatu, a aji ake fara ganewa, ranar da ya kawo alƙaluman shekara goma da suka wuce a matsayin na bana.

15. An ba ni ɗalibai 20 in duba kundinsu. Ga kuma kwafe daga intanet da ChatGPT.

Haɗa su rukuni, ku riƙa zama sau ɗaya a mako biyu, kowa ya faɗi inda ya kai a gaban 'yan uwansa. Matsalolinsu kusan iri ɗaya ne, ba sai ka maimaita magana sau 20 ba. Taimaka musu su ƙuntata batu: "matsalolin ilimi a Najeriya" ba batun kundi ba ne, makarantu uku a ƙaramar hukuma ɗaya batu ne, kuma da wuya a samu wanda za a kwafa. Idan ka karɓi babi, faɗi ranar da za ka mayar, ka cika. Ɗalibin digiri na biyu da babinsa ya yi wata shida a kan teburinka, kuɗin makaranta yake sake biya saboda kai.

Manhajar Turnitin tana kama kwafe, amma hukuncinta kan rubutun na'ura ba abin da za a kori ɗalibi a kansa ba ne shi kaɗai. Abin da bai taɓa ba ni kunya ba shi ne in rufe kundin in ce, "To, gaya mini abin da ka ce a shafi na 12, kuma ina ka samo wannan littafin?" ChatGPT yakan ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su, don haka ka zaɓi uku daga jerin madogara ka neme su. Hana amfani da shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Gara ka fayyace musu abin da ka yarda da shi, kamar gyaran nahawu, da abin da ba ka yarda ba.

16. Bayan yajin aiki an matse zango. Me zan yanke?

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, wata 8, kuma da aka dawo jami'o'i da yawa sun taƙaita kalanda don su cike giɓi. A irin wannan hali kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba komai a guje, a kira lakcar awa huɗu ranar Asabar. Bayan awa ta biyu kujeru kake koya wa. Zaɓi batutuwan da kwas na gaba ya dogara a kansu ka koyar da su sosai, sauran ka ba da karatu, ka kuma gaya wa ɗalibai a fili abin da jarrabawa za ta taɓa. Ka ba da ranar farko ga bitar abin da aka yi kafin a tafi, domin wanda ya yi wata takwas yana tuƙa adaidaita ko zaman shago ba zai tuna inda aka tsaya ba.

17. Albashi ba ya isa. Zan iya haɗawa da wani aiki?

Kusan kowa yana yi: noma, koyarwar ziyara a wata jami'a, fassara, aikin bincike na ƙungiyoyi. Ka bi ta hanyar da dokar aikinka ta yarda, da sanin shugaban sashe. Ma'aunin mai sauƙi ne, idan ɗalibanka sun fara tambayar wakilin aji ko Malam yana gari, abin ya wuce kima. Jami'a uku a jihohi uku ba ta haɗuwa ga mutum ɗaya, taura biyu ma ba ta taunuwa.

18. Ta yaya zan san ko koyarwata tana shiga?

Kada ka jira takardar tantancewar ƙarshen zango, ta yi latti ga waɗannan ɗaliban. A mako na huɗu ko na biyar, saura minti biyar a tashi, ka ce kowa ya yagi 'yar takarda ba tare da suna ba ya rubuta abu biyu: abin da ya fi ganewa, da abin da har yanzu ya shige masa duhu. Za ka samu masu zolaya, za ka samu mai cewa kana da sauri, za ka kuma samu mutum arba'in sun rubuta abu ɗaya da kake zaton ka gama da shi tun mako na biyu. Da shi za ka buɗe lakca ta gaba, ka kuma gaya musu daga takardunsu ka ɗauko.

Bayan jarrabawa, kafin ka ɗaure takardun, duba tambayar da aka fi faɗuwa a kanta. Ka rubuta a gefen bayanan darasin nan abin da ya faru, da misalin da bai yi aiki ba, da wanda ya sa aji ya ce "oho". Badi idan ka buɗe fayil ɗin a makon farko, rubutun yana nan yana jiranka.